Hajiyar da Na Ƙirƙiro a Barnawa

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni wayo, na yi wata ƙarya da ta kusa raba ni da karatuna. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina taya mutane, amma a lokacin ko abin murmushi ban gani a ciki ba.

Ni 'yar Damagaram ce. Can aka haife ni, can na yi makaranta da Faransanci har na gama sakandare, sannan na samu gurbin karatun zanen gine-gine a wata makaranta da ke Barnawa, a Kaduna. In na ce wa mutane na yi karatu a ƙasar waje sai su gyara zama su ce wace ƙasa, in na ce Najeriya su kwashe da dariya. To, ku yi dariyarku. Wanda ya tsallaka iyaka aka buga masa hatimi a takarda, ya canza kuɗin aljihunsa, ya shiga aji ya zauna awa biyu bai tsinci komai a bakin malami ba, ai ƙasar waje ya je, ko da kowa a kasuwa Hausa yake yi.

Mahaifina magini ne. Shekara talatin da wani abu yana ɗora bulo a kan bulo bisa zanen da wasu suka yi, don haka da na ce zane nake so in karanta, farin cikinsa bai ɓoyu ba. Kadunar ce ba ta kwanta masa ba. Duk abin da ya sani game da garin a rediyo ya ji shi, su kuwa masu labarai ba sa ambaton gari sai ranar da aka yi faɗa. A tunaninsa Kaduna gida biyu ce, kogi a tsakiya, kowane ɓangare yana hararar ɗaya. Da ya ji makarantar tana ƙetaren kogin, ta kudu, sai da ya kwana uku yana juya maganar. A rana ta huɗu ya kira ni ya ce:

"Za ki tafi, amma da sharaɗi ɗaya. Gidan Musulmi za ki zauna, a hannun babbar mace. Ranar da na ji saɓanin haka, ranar za ki dawo gida, karatun ya tsaya nan."

Baba ba ya maimaita magana. Na ce na ji, na yarda.

Aka sama min masauki a Tudun Wada, gidan wata Hajiya, 'yar uwar ƙawar mahaifiyata. Matar kirki ce, ba ta taɓa nuna min bambanci da jikokinta ba. Matsalar ita ce jikokin nan suna da yawa, ga injin markaɗe a zaure yana aiki tun safe. Takardar da muke zane a kai kuwa ta kai faɗin ƙaramar tabarma, kuma ba ta son ƙura, ba ta son ruwa, ba ta son yatsa. Babu tebur a gidan, sai in shimfiɗa allona a ƙasa in durƙusa. Ina cikin jan layi wani zai shigo da gudu ya tsallake ni, wata ta zo da hannun manja ta ce tana so ta ga gidan da na zana. In na tsira da takardar daga gida, sauran hanya: bas har a ƙetare gada, sannan keke napep zuwa makaranta, ga damina ta kankama. Ina rungume da takardar a naɗe kamar jaririya, amma duk da haka sai ta isa a jiƙe ko a lanƙwashe.

Wata rana malaminmu ya ɗaga aikina da yatsu biyu a gaban aji, ya tambaye ni da Turanci ko zane ne wannan ko takardar ƙunshe tsire. Ajin ya ɗauki dariya. Ni ban ma gane ba sai da ta kusa da ni ta fassara min, na sha kunyar sau biyu. Bayan an tashi ya ce in na ƙara kawo masa irin wannan, in manta da cin darasinsa.

Wadda ta fassara min ɗin ita ta zama ƙawata. Ibo ce, a Sabon Tasha aka haife ta, Hausarta ta fi Turancina lafiya nesa ba kusa ba. Ta same ni a bayan aji ina goge ido da gefen hijabi, ta ce, "Ke, kuka ba zai busar da takarda ba. Taso in kai ki wajen Mama."

Mama tsohuwar malamar firamare ce, ita ta koyar da ƙawata tana ƙarama. Mutuniyar wajen Zonkwa ce, Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse Jos da Abuja, ta rage ita kaɗai a gida mai ɗakuna, tafiyar minti goma a ƙafa daga makaranta. Muryarta irin ta wadda ta shekara talatin tana tsawata wa yara ce. Ta ƙare min kallo ta saman tabarau, ta ce:

"Babanki ya sani?"

Na ce zan gaya masa.

"Ki gaya masa fa. Ni ba na son kwana-kwana."

Ta ba ni ɗakin da autanta ya bari. Ta nuna min dogon teburin cin abinci a falo ta ce tun da yara suka tafi babu mai zama a kansa, in mai da shi na zane. Ta leƙa katanga ta tambayi maƙwabcinta, wani Malam ma'aikacin gwamnati, inda alƙibla take, ta dawo ta nuna min da hannu. Washegari na tarar ta sayo sabuwar tukunya da buta ta ajiye a ƙofar ɗakina.

Wallahi da niyyar faɗin gaskiya na kira Baba. Na yi masa bayanin ruwa da nisa da hannun manja, na ce na koma kusa da makaranta. Can ya ce:

"Gidan wa?"

Bakina ya riga ni. Na ji kaina ina cewa, "Gidan wata Hajiya ce, Baba. Dattijuwa ce, ita kaɗai take zaune."

Ya sauke numfashi ya ce to alhamdu lillahi, Allah ya saka mata. Na kashe waya na zauna a bakin gado. Na ce wa kaina sati ɗaya kawai, in hankalinsa ya kwanta zan gyara maganar. Ita ma Hajiyar Tudun Wada ƙaryar nan na yi mata, da mahaifiyata, don kada labari ya saɓa.

Sati ɗayan nan ya zama wata huɗu.

A wata huɗun nan na fara zama 'yar gari. Na san inda ake tsayar da keke da inda in ka tsaya za ka kwana, na koyi Turancin broka daidai na ciniki a kasuwar Barnawa, na daina cewa sefa in ina nufin naira. Na ci gwaten acca har na fara iya bambance na Mama da na saidawa. Na saba da safiyar Lahadi, yadda unguwa ke cika da mutane cikin kwalliya, sannan ta yi tsit, sannan kiɗa ya taso ta kowace kusurwa. Takarduna suka fara isa makaranta fes. Malamin nan na tsire ya ɗaga aikina wata rana ya ce sauran su zo su ga yadda ake jan layi. Da a ce zuciyata a kwance take, da na ce watannin nan sun fi kowane lokaci daɗi.

Amma kowace Juma'a in an sauko daga masallaci Baba zai kira, kuma bayan gaisuwa maganarsa ɗaya ce: "Ba ni Hajiya mu gaisa." Sai in ce tana salla. Wani satin in ce ta shiga wanka, wani satin ta tafi barka, sannan in koma kan salla. Ban taɓa ganin matar da ta kai Mama yawan nafila ba, a bakina. Baba har sha'awarta yake yi, yana cewa in yi koyi da ita.

Mama kuwa ba ta iya girki shiru. Waƙoƙin coci take yi da Hausa, da ƙarfi, tana buga ludayi a bakin tukunya. Da waya ta yi ƙara sai in zabura in yi waje da gudu har bakin titi. Akwai ranar da ban yi saurin fita ba, Baba ya ce waƙar me yake ji haka. Na ce rediyon maƙwabta ne. Ya ce Allah ya kyauta, in riƙa rufe taga. Ƙarar waya ta zama abin da ke kaɗa min hanta, ko ta wani ce a cikin keke sai gabana ya faɗi. Na rame har Mama ta fara zargin ciwon shawara, ta dafa min ganye ta tsaya a kaina sai da na shanye. Duk lokacin da ta ce, "Yaya Babanki, yana lafiya?" sai in ce yana gaishe ki, in sunkuyar da kai a kan zane.

Wata Alhamis da rana ya kira, ba ranar kiransa ba. Ya ce zai shigo Kano sayen kayan aiki, ya ga bai kamata ya zo kusa haka ya koma bai taka ya gode wa Hajiya ba. Asabar da hantsi yana Kaduna, da la'asar ya juya.

Na sami ƙawata na gaya mata komai, karo na farko da wani ya ji. Ta riƙe baki ta ce, "Kin kashe kanki! Je ki gaya wa Mama yau ɗin nan, ba gobe ba." Na yi niyya. Sau uku ina zuwa ƙofar kicin in tsaya. Na farko na ce ina neman ashana, na biyu na ce ko in taya ta yanka albasa, na uku ta juyo ta ce, "Wai ke lafiya kike zagaye ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai?" Na ce lafiya lau. Ta yaya zan kalli matar da ta saya min buta in ce mata na ɓoye ta ne don ina jin tsoron a san ko ita wace ce?

A nan wayona ya kawo min shawara. Kowace Asabar Mama tana tafiya zumuntar mata a cocinsu tun hantsi, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Baba zai zo da hantsi ya tafi da la'asar. Na ga kamar an auna min ne. In karɓe shi a falo, in ce Hajiya ta tafi gaisuwar mutuwa Zariya ba shiri, ya ci abinci, ya bar saƙon godiya, ya kama hanya. Abu ɗaya ya rage, falon kansa.

A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai gicciye na katako, tsawon kamu guda da rabi. Gefensa kalandar coci. Ɗaya gefen kuma babban hoton marigayi mijinta, sanye da doguwar rigar mawaƙan coci, yana dariya. Kullum da safe Mama takan goge gilashin hoton da gefen zaninta kafin ta goge komai a gidan.

Tana fita ranar Asabar, cikin zaninsu na zumunta da farar riga, na kulle ƙofa na hau kujera. Na sauke kalanda, na sauke gicciye, na sauke hoton. Na naɗe su a zani na tura ƙarƙashin gadona, na haɗa da Littafi Mai Tsarki da ke kan tebur. Da na dawo na ga ƙusoshi uku tsirara a bango, na ce waɗannan za su jawo tambaya. Na samo filaya na zare su. Ta tsakiyar ta yi gardama, na fizge ta da ƙarfi, ta fito da ɓallin filasta. Na share ƙasa sama-sama, na ja da baya na duba, na yaba wa kaina. Ɗalibar zanen gini ke nan, 'yar magini.

Na tarbo Baba a bakin titi. Ya sauko daga keke da buhu a hannu, kilishi da cuku da dabino na Hajiya. Yana tafe yana kallon gidaje, yana cewa unguwar shiru, ba kamar yadda ya zata ba. Na zaunar da shi a falo, na kawo ruwa, na karanto masa labarin mutuwar Zariya kamar hadda. Ya yi salati, ya yi wa mamacin da babu shi addu'a, na ce amin.

Ya sha ruwa ya ajiye kofi. Sai na ga idonsa ya tsaya a bango. Ya daɗe yana kallo. Ni ma na bi idonsa na duba, a karo na farko daga inda baƙo ke zama. Fentin falon shuɗi ne da ya koɗe da shekaru, amma inda kayan suka rufe bai koɗe ba. Ga murabba'i biyu, shuɗi shar, ga kuma siffar gicciye a tsakaninsu, ta fito ɓaro-ɓaro kamar da rula aka zana ta.

"Me aka cire a nan?"

Na ce agogo ne, ya lalace.

Ya tashi ya je ya sa yatsa a ramin ƙusar, ya murza garin filasta, ya duƙa ya dubi gindin bango. Bai ɗaga murya ba.

"Yau aka zare ƙusar nan. Ramin ko ƙura bai yi ba. Ni za ki gaya wa bango?"

Sai ƙofar gida ta yi ƙara. Ashe mai koya musu waƙa ce ba ta da lafiya, aka sallame su da wuri. Mama ta shigo tana 'yar waƙarta, littafin waƙoƙi a hannu, zanin zumunta da rubutunsa manya-manya a jikinta. Ta ga baƙo, ta ga kamanninmu, fuskarta ta washe.

"A'a! Baba ne? Sannu da zuwa, Alhaji, sannu da hanya! Ke kuma ba ki gaya min ba, da na yanka kaza!"

Ta rusuna ta gaishe shi. Baba ya amsa da ƙyar, yana kallonta yana kallona. Ta miƙe za ta ajiye littafi, sai ta ɗaga kai ta ga bangonta. Waƙar da murnar duk suka ɗauke lokaci ɗaya. Ba ta tambayi gicciye ba, ba ta tambayi kalanda ba. Ta juyo gare ni, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba, ta ce:

"Ina kika kai min maigida?"

Na durƙushe a wurin. Ban san da wane tsari na faɗa ba, amma na faɗi komai: sharaɗin Baba, Hajiyar da na ƙirƙiro, sallolin da na ɗora mata, mutuwar Zariya, ƙarƙashin gado. Ina magana ina kuka, majina da hawaye, babu wanda ya ce in yi shiru.

Da na gama Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin ya yi haka a gaban mace ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ni na haife ta." Sannan ya tambaya ko akwai guduma a gidan.

Mama ta nuna masa akwatin kayan aikin marigayi. Ya fere ɗan itace ya cusa a ramin da na ɓalle, ya mayar da ƙusoshin uku, kowace a gurbinta, ya gwada ƙarfinsu da yatsa. Ya ja gefe ya ce min:

"Ke kika sauke, ke za ki mayar. In kin gama ki haɗa kayanki, motar la'asar za mu bi."

Na ɗauko su na hau kujerar nan dai. Hoton ya ƙi zama daidai, sai da Mama ta zo ta gyara shi da kanta, ta goge gilashin da gefen zani. Na sauko na nufi ɗaki. A raina karatu ya ƙare, har na fara tunanin abin da zan ce wa mahaifiyata.

"Tsaya," in ji Mama. Muryar malamar ta dawo. "Alhaji, yarinyar nan ta ɓata min rai, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ta yi min yau ko 'ya'yan cikina ba su isa su yi ba. Amma fushina daban, karatunta daban, kada ka haɗa min su. Wata huɗu tana gidan nan, ban taɓa tashi da asuba ban ji motsin butarta ba. Daga makaranta sai teburin can. In don ni za ka tafi da ita, ban sa ka ba. In kuma don ni ba Hajiya ba ce, to wannan kai ka sani, ba zan canza ba."

Ta je teburin ta yaye ƙyallen da nake rufe aikina da shi, ta ce ya zo ya ga abin da zai tsayar. Zanen gida ne mai ɗaki uku da za mu miƙa ranar Litinin. Ya tsaya a kansa, hannuwansa a baya don kada ya taɓa. Ya bi shi ɗaki-ɗaki da ido, yadda na sha ganin yana bin zanen injiniyoyi a wurin aiki. Ya daɗe a kusurwar ƙasa, inda ake rubuta sunan mai zane, sunana da nasa a jere. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa.

Can ya nuna wani wuri da haɓa ya ce, "Ƙofar kicin ɗin nan in aka buɗe ta za ta daki ta sito. Wa zai gina miki wannan?"

Na ce zan gyara, Baba.

"Ki gyara kafin Litinin ɗin."

Sai da na maimaita maganar a raina sau biyu kafin na gane abin da ya ce. Na zame na zauna a ƙasa.

Ya juya ga Mama, ya ɗauko buhun nan ya ajiye a gabanta. Ya yi abin da ya zo yi tun daga Damagaram, ya yi mata godiya, doguwa, irin tamu, ya ce ga amana nan ya danƙa mata, in ta yi ba daidai ba ta hukunta ta kada ta jira shi. Mama ta ce ta karɓa, kuma hukunci kam yana nan tafe. Ta shimfiɗa masa tabarma ta fuskar da Malam maƙwabci ya nuna, ya yi azahar, ta sa na zuba masa abinci daga tukunyata.

Na raka shi bakin titi, keke ya tsaya. Ya sa ƙafa ɗaya, ya juyo.

"Sharaɗina kin karya, wannan tsakanina da ke ne, kuma da kin yi min bayani wataƙila da na ƙi, ban sani ba. Amma wata huɗu mace tana ɗauke da nauyin 'yata, ko sannu ba ta ji daga bakina ba. Kin mai da ni butulu ban sani ba. Wannan ne ba zan manta da wuri ba."

Bai manta da wuri ba kuwa. Kusan wata biyu in ya kira ranar Juma'a, wayar Mama yake kira, su gaisa, ta ba shi rahotona, ya kashe bai nemi ni ba.

Na gama karatuna a gidan nan, shekara huɗu cur. Yau in na waiwaya, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda na raina mutanen nan biyu lokaci ɗaya, ina ganin kare kaina nake yi. Na yanke wa Baba hukuncin cewa ba zai iya ganin mutum ya gane shi ba, na yanke wa Mama cewa abin ɓoyewa ce a cikin gidanta. Tsoro ne ya sa ni, ban musa ba, baƙuwa ce ni a ƙasar mutane kuma karatuna nake gudun rasawa. Amma tsoron nan bai hana ni hawa kujera da filaya a hannu ba, kuma har gobe in na tuna fuskar Mama lokacin da ta ɗaga kai, kunya ce ke rufe ni, ba dariya ba.

Hukuncin da ta yi alkawari bai zo da duka ko faɗa ba. Kwana uku ba ta yi waƙa a kicin ba, gidan ya yi min faɗi. A na huɗu muna tsince shinkafa a tsakar gida, na tattaro ƙarfin hali na tambaye ta, da na zo mata tun ranar Alhamis na roƙe ta ta zama Hajiya na yini ɗaya, da ta yarda?

Ba ta ɗago daga faifan ba ta ce, "Da na ce a'a. Amma da na zauna kusa da ke kin kira shi, mun gaya masa tare."